Guguwar Kasuwancin Intanet da Makomar Binciken Kwamfuta: Waiwaye a Kan Shekarun 1995 Zuwa 2002



Gabatarwa

Tambayar da aka ɗora mini in yi magana a kanta yau ita ce, shin ɗokin da duniya ke yi wa kamfanonin da ke kasuwanci a intanet yana ɗauke hankalin masana da masu kuɗi daga sauran fannonin ilmin kwamfuta, ko kuwa ba ya yi? An daɗe ana wannan tambaya. A shekarar 2011 wani matashin masanin lissafi mai suna Jeff Hammerbacher, wanda ya yi aiki a kamfanin Facebook tun yana ƙarami, ya koka wa wata mujallar kasuwanci ta Amurka cewa haziƙan tsararsa sun ƙare a kan tunanin yadda za a sa mutane su danna talla. Wasu kuwa suna ganin ba don kuɗin wannan talla ba, da ilmin kwamfuta bai kai inda ya kai ba.

Hanyar da zan bi wajen amsawa ita ce ta tarihi, domin an taɓa yin irin wannan ɗoki a Amurka daga 1995 zuwa 2002, ya taso, ya cika, ya fashe, kuma yanzu an sami fiye da shekara ashirin ana ganin abin da ya haifar. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da nake so in nuna muku shi ne, kasuwa tana girbe abin da wasu suka shuka ne tun da daɗewa, kuma ɓarnar ɗoki tana aukuwa a wurin da aka bari masu shukar suka watse.

Gonar da 'Yan Kasuwa Suka Tarar

Kafin mu shiga labarin kasuwar, ya kamata mu san wanda ya yi sharar gonar. A watan Disamba na 1947 aka ƙirƙiro turansista a ɗakunan bincike na Bell, mallakar kamfanin tarho na AT&T. A nan ne kuma Claude Shannon ya fitar da ka'idar lissafin saƙonni a 1948, sa'an nan Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix a 1969. Shi wannan kamfani ba shi da abokin gasa a harkar tarho a lokacin, saboda haka yana iya ɗaukar masani ya biya shi albashi shekara goma ba tare da ya tambaye shi ribar da ya kawo ba.

Ita kanta intanet da kuɗin gwamnati aka haife ta. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta biya aikin ARPANET, wadda aka aika saƙon farko a kanta ranar 29 ga Oktoba 1969, daga Jami'ar Kaliforniya ta Los Anjelas zuwa Cibiyar Bincike ta Stanford. A 1974 Vinton Cerf da Robert Kahn suka wallafa ƙa'idojin da kwamfutoci za su bi su fahimci juna, amma sai ranar 1 ga Janairu 1983 aka koma kansu gaba ɗaya. Yanar gizo kuwa, Tim Berners-Lee ne ya ba da shawararta a 1989 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Jeneba, kuma a watan Afrilu na 1993 cibiyar ta sake ta kyauta ga kowa. A wannan shekara ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Illinois suka fitar da Mosaic, watau manhajar da ta sa duba shafukan yanar gizo ya zama abu mai sauƙi ga wanda ba masani ba.

Ku lura da tsawon lokacin. Daga saƙon farko na 1969 zuwa ranar da aka fara cin kasuwar sosai, shekara ashirin da shida ke nan, kuma kusan duk wannan aiki jami'o'i da hukumomin gwamnati da ɗakunan binciken manyan kamfanoni ne suka yi shi.

Tasowar Guguwa da Faɗuwarta

Masana tarihi sukan ɗauki ranar 9 ga Agusta 1995 a matsayin mafarin ɗokin. A ranar ce kamfanin Netscape, wanda ɗaya daga cikin maginan Mosaic, Marc Andreessen, ya kafa tare da Jim Clark, ya fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a. An sa farashi dala 28, kafin a tashi kasuwa ya taɓa kusan dala 75, ya rufe a kan dala 58 da 'yan kai. Kamfanin da bai wuce wata goma sha shida da kafuwa ba, bai kuma taɓa cin riba ba, ya wayi gari darajarsa ta kusa dala biliyan 3, watau miliyan dubu uku. Daga nan sai kowa ya gane cewa ana iya yin arziki tun kafin a sayar da komai.

Kuɗin da masu zuba jarin kasada suke sa wa sababbin kamfanoni a Amurka bai kai dala biliyan 10 ba a 1995, amma a shekarar 2000 ya kai wajen biliyan 100, kuma kaso mafi tsoka ya tafi ne ga duk wanda ya maƙala wa sunansa alamar intanet. Shugaban babban bankin ƙasar, Alan Greenspan, ya yi gargaɗi tun a Disamba 1996 cewa ɗokin ya fara wuce hankali, aka saurare shi kwana biyu aka ci gaba.

Misalai uku sun isa. Pets.com, mai sayar da abincin karnuka da kyanwoyi ta intanet, ya tara dala miliyan 82 daga jama'a a Fabrairu 2000, ya rufe a Nuwamba na shekarar, domin sau da yawa kuɗin kaya da na aikawa sun fi abin da mai saye ke biya. Boo.com na Landan, mai sayar da tufafi, ya cinye kimanin dala miliyan 135 cikin shekara ɗaya da rabi, ya durƙushe a Mayu 2000. Webvan, mai kai cefane gida, ya shiga gina manyan rumbuna a birane kafin ya tabbatar akwai masu saye, ya karye a Yuli 2001.

Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nasdaq ya kai ƙololuwarsa, 5,048, ranar 10 ga Maris 2000. Zuwa Oktoba 2002 ya sauko 1,114, watau ya zubar da kashi 78 cikin 100, kuma bai sake komawa matsayinsa na da ba sai a 2015. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da Guguwar Ta Ɗauke

To, me aka rasa ban da kuɗi? Abu na farko shi ne ɗalibai. A shekarun ɗokin, sassan ilmin kwamfuta na jami'o'in Amurka sun cika maƙil, wasu masu karatun digirin digirgir kuma suka ajiye bincikensu suka tafi kafa kamfani. Da kasuwa ta faɗi sai iyaye suka riƙa hana 'ya'yansu shiga fannin, har yawan sababbin ɗalibai ya ragu da kusan rabi tsakanin 2000 da 2007. Fannin ya yi asara sau biyu ke nan, lokacin cika da lokacin gudu.

Abu na biyu, wanda ya fi muni, shi ne abin da ya sami ɗakunan bincike na Bell. An riga an raba AT&T a 1984 bisa shari'ar hana babakere. A 1996 aka sake raba shi gida uku don a gamsar da masu hannun jari, mafi yawan ɗakunan binciken suka koma ƙarƙashin sabon kamfani mai suna Lucent. Shi kuwa Lucent ya shiga guguwar da ƙafa biyu, yana ba sababbin kamfanonin sadarwa bashi domin su sayi kayansa. Da suka karye sai suka ja shi. Ma'aikatansa da suka haura 100,000 suka dawo wajen 30,000, aka haɗe shi da Alcatel na Faransa a 2006, kuma a 2008 aka ba da sanarwar janye hannu daga binciken kimiyyar asali, a gidan da aka haifi turansista.

Bari in ba ku labarin mutum ɗaya daga cikin wannan gida. Yann LeCun, Bafaranshe ne, tun 1989 ya nuna cewa wani tsarin lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa yana iya koyon karanta lambobin da aka rubuta da hannu. Aikin ya yi nasara har bankuna suka riƙa karanta cek da shi, kimanin kashi 10 cikin 100 na cek ɗin Amurka a ƙarshen shekarun 1990. Amma rabon 1996 ya warwatsa masu aikin: masu bincike suka faɗa wani kamfani, masu sayar da na'urar suka faɗa wani. LeCun ya ajiye wannan layi na wasu shekaru, ya koma aikin matse hotunan takardu domin a iya aika su ta intanet.

Adalci ya sa in ƙara da cewa ba kasuwa kaɗai ce ta jawo wannan ba. Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfin da tsarin ke bukata, kuma masana da yawa a jami'o'i sun fi amincewa da wasu hanyoyin lissafi. Duk da haka, a wurin da ake auna kowane aiki da ribar wata uku, abin da ke bukatar shekara goma sha biyar shi ake fara yankewa.

Abin da Guguwar Ta Bari

Wanda ya tsaya a nan zai ce ɗokin ɓarna ce zalla, amma tarihi bai yarda da haka ba. Irin wannan ya taɓa faruwa a Birtaniya a kan jirgin ƙasa. A shekarar 1846 kaɗai majalisar dokoki ta amince da dokoki 272 na shimfiɗa layin dogo. Masu hannun jari da yawa sun tsiyace, kimanin kashi ɗaya cikin uku na layukan da aka amince da su ba a taɓa gina su ba, amma waɗanda aka gina sun yi wa ƙasar aiki fiye da shekara ɗari.

Haka kamfanoni irin su Global Crossing da WorldCom suka binne dubban mil na wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, a ƙasa da ƙarƙashin teku. Dukansu biyu sun karye a 2002, na biyun ma da badaƙalar littattafan kuɗi. Wayoyin kuwa suna nan, waɗanda suka zo daga baya suka saye su da araha, farashin aika saƙo ya faɗi warwas.

Bugu da ƙari, kamfanonin da suka tsira sun zama masu bincike da kansu, domin girman aikinsu ya tilasta musu. Google ya fito ne daga binciken ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, a ƙarƙashin wani shirin ɗakin karatu na kwamfuta da Hukumar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta ɗauki nauyinsa tun 1994. A 2003 da 2004 injiniyoyinsa suka wallafa yadda ake haɗa dubban ƙananan kwamfutoci su yi aiki kamar guda ɗaya, abin da ya buɗe sabon babi a fannin. Amazon, wanda hannun jarinsa ya zubar da fiye da kashi 90 cikin 100 a faɗuwar, shi ne ya fara ba da hayar ƙarfin kwamfuta ta intanet a 2006, har ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ya sami abin da a da sai babban kamfani.

Waɗanda Ba Su Bi Ayari Ba

Yanzu mu zo ga ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa. Idan muka dubi abubuwan da suka fi canza duniyar kwamfuta bayan 2002, za mu tarar yawancinsu ana dafa su ne a gefe lokacin da idon kowa ke kan kasuwa.

Na farko, ƙwayar silikon da ke cikin kusan kowace wayar hannu da kuke riƙe da ita, tsarin ARM ne, wanda Sophie Wilson da Steve Furber suka zana a wani ƙaramin kamfani a Kambirij ta Ingila, aka gwada ta farko a 1985. Falalarta ita ce ƙarancin cin wuta, abin da ba a cika damuwa da shi ba sai da waya ta zama kwamfuta, musamman bayan fitowar iPhone a 2007.

Na biyu, masana'antar ƙera ƙwayoyin. Gwamnatin Taiwan ce ta ba da kusan rabin jarin da Morris Chang ya kafa TSMC da shi a 1987. A ƙasar Holan kuma kamfanin ASML, wanda aka kafa a 1984, ya ɗauki shekara kusan ashirin yana fama da na'urar da ke zana ƙwayoyi da wani irin haske mai matuƙar gajartar zango, bisa binciken da Intel da ɗakunan binciken gwamnatin Amurka suka haɗa kai a kansa tun 1997. Sai a 2019 ƙwayoyin da aka ƙera da ita suka shiga wayoyin jama'a. A tsawon wannan lokaci rabon Amurka a ƙera ƙwayoyi ya sauko daga kashi 37 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 12 a 2020. Da ƙarancinsu ya tsayar da masana'antun motoci a 2021, sai ga majalisar Amurka a 2022 tana ware kimanin dala biliyan 52 don dawo da sana'ar gida, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, tsarin nan mai kwaikwayon ƙwaƙwalwa da muka bari a ajiye. Wata cibiyar bincike ta Kanada mai suna CIFAR ce ta tattara Geoffrey Hinton da Yoshua Bengio da LeCun da wasu tsiraru tun 2004, da kuɗi kaɗan, ba tare da ta nemi riba ba. A 2012 ɗaliban Hinton biyu a Jami'ar Toronto, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, suka shiga gasar gane hotuna, tsarinsu ya yi kuskure kashi 15 cikin 100, mai bi masa ya yi kashi 26. Da me suka yi aikin? Da ƙwayoyi biyu na kamfanin Nvidia waɗanda aka ƙera domin wasannin kwamfuta, da kuma hotuna fiye da miliyan ɗaya da aka tsinto daga intanet. A nan ne abin da kasuwa ta tara da abin da masu haƙuri suka riƙe suka haɗu. Mutanen nan uku sun karɓi lambar Turing ta 2018, Hinton kuma ya sami kyautar Nobel a 2024. Mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa.

Inda Zancen Ya Shafe Mu

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne. To, mu ma mun san ɗanɗanon irinsa. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka sa matasa suka bar gona suka nufi birni neman kwangila, har dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. Man fetur alheri ne, amma mun bar gona ta mutu a gefensa.

Tun bayan gwanjon lasisin wayar hannu na Janairu 2001, kasuwancin sadarwa ya bunƙasa a ƙasar nan. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200, a 2022 kuma aka sa hannu a kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha. Waɗannan abubuwan farin ciki ne, ba na raina su. Sai dai akwai bambanci tsakaninmu da Amurkan 1995: su sun shiga kasuwa ne da rumbun bincike na shekara hamsin a bayansu, mu kuwa kusan duk abin da muke gina kasuwarmu a kansa na aro ne. A cikin ɗalibai goma da suka zo mini da shawarar aikin kammala karatu, da wuya in sami biyu da ba manhajar saye da sayarwa ko ta aika kuɗi suke son yi ba.

Ga ayyuka nan jibge da ɗan kasuwa ba zai taɓa ba, domin ribarsu tana nesa. Wa zai tara rubutu da muryoyin Hausa, ya tace su, domin na'ura ta iya karanta wa makaho jarida ko ta saurari manomin da bai yi boko ba? Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin ma'aunin haruffa na duniya, Unicode, tun shekarun 1990, amma har yau takardun ofis da yawa suna fitowa babu su. Wa zai yi bincike a kan na'urorin da za su jure zafi da ƙurar hunturu da yankewar wuta?

Kammalawa

Amsata ga tambayar da muka fara da ita ke nan: ɗokin kasuwancin intanet ya ɗauke kuɗi da idanu da ɗalibai na wani lokaci, ya kuma taimaka wajen rusa aƙalla babban gidan bincike guda, amma bai kashe ƙirƙira ba, saboda an sami gwamnatoci da jami'o'i da 'yan cibiyoyi da suka ci gaba da ciyar da masu aikin nesa. Inda babu irin waɗannan, babu abin da zai tare ɓarnar.

Saboda haka, 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati, idan takardar neman kuɗin bincike ta iso teburinku, kada ku auna ta da mudun ɗan kasuwa. Ku tambayi ingancin aikin da amanar mai yinsa, sa'an nan ku tabbatar kuɗin ya fita a kan kari, shekara bayan shekara, domin ƙaramin kuɗi mai ɗorewa ya fi babba mai zuwa sau ɗaya, kamar yadda misalin Kanada ya nuna. Ku kuma ɗalibai, wanda Allah ya ba basirar kasuwa ya yi kasuwa, halal ce. Amma kada ku gudu daga lissafi da kimiyyar lantarki don suna da wuya, su ne ba sa tsufa idan yayi ya wuce.

Daga ƙarshe, tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022, ƙirƙirarriyar basira, wadda aka yi watsi da ita a shekarun da muka duba, ita ce ta zama abin ɗoki, kuɗi na ta kwarara gare ta. Ina roƙonku ku tafi da wannan tambaya gida: wane fanni ne aka bari a gefe yau, kuma wa ke ciyar da masu yinsa?